Matsalar Mugunta da Ikon Allah

Matsalar mugunta tsohuwar muhawara ce a ilimin tauhidi: tunda Allah mai iko ne kuma mai alheri, don me yake barin wahala? A ƙasar Mubi, har da gundumar Muchalla, tambayar ta ƙara nauyi a Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta kama garin Mubi, dubban mutane suka tsere zuwa Yola da Kamaru. Amsa mafi ƙarfi ita ce an bai wa ɗan Adam zaɓi, don haka alhakin jini yana kan wanda ya ɗauki bindiga, ƙaddara ba ta wanke shi. Masu suka kan ce wannan bai bayyana mutuwar jariri da zazzaɓi ba, kuma suna da hujja. A nan Musulmi da Kirista ke komawa ga Annabi Ayuba, wanda aka jarraba ba don ya yi laifi ba.