Kwalejin Katsina: Makarantar da Ta Zaɓa wa Ɗalibanta Sana'a

Gabatarwa

Ranar 5 ga watan Maris na shekarar 1922, Gwamnan Nijeriya, Sir Hugh Clifford, ya yi bikin buɗe wata makaranta ta ginin ƙasa a birnin Katsina, wadda ta riga ta fara karatu tun shekarar 1921. Manufar da aka ɗora ta a kai guda ɗaya ce: horar da samari Musulmi su zama malaman makaranta, su koma lardunansu su koyar. Yaron da ya shiga ƙofarta ya san aikin da zai yi tun kafin ya buɗe littafin farko. Amma kafin a cika shekara arba'in, daga cikin waɗannan malamai aka sami Firayim Ministan Nijeriya, da Firimiyan Jihar Arewa, da ministoci, da marubutan da suka aza harsashin ƙagaggun labarai na Hausar boko. Wannan maƙala za ta bi diddigin zaman ɗalibai a wannan kwaleji, da karatun da aka ba su, da wanda aka hana su, domin a ga yadda kowane ɗaya daga cikin ukun ya yi tasiri a kan hanyar da suka bi bayan sun fito.

Dalilin Kafa Ta a Katsina

Ilimin boko na gwamnati ya shigo Arewa a makare, kuma da ɗari-ɗari. A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Daga baya aka kakkafa makarantun larduna a Sakkwato da Katsina da Bidda da Bauci da sauransu. Nan da nan matsala ta fito fili: ga azuzuwa, babu masu koyarwa. Turawan mulki ba su son a ɗauko malamai daga Kudu, don suna tsoron kada a maimaita abin da ya faru a Legas, inda 'yan boko suka kafa jaridu suna yi wa gwamnati tsiya. Sarakuna kuma ba za su yarda a damƙa 'ya'yan Musulmi a hannun 'yan mishan ba. Mafita ɗaya ta rage, wato a yi malaman a gida.

An zaɓi Katsina saboda dalilai biyu. Na farko, tsohon gari ne na ilimi, garin hasumiyar Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga kuma Sarki Muhammadu Dikko mai maraba da sababbin abubuwa. Na biyu, jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 bai bi ta Katsina ba. A ganin Turawa wannan nisa garkuwa ce: ɗalibi zai koyi Turanci ba tare da ya shaƙi iskar Sabon Gari da jaridun Legas ba. Ke nan tun daga zaɓen wuri an shata wa ɗalibin iyakar abin da ake so ya sani.

Zaman Ɗalibai

Samun shiga kwalejin sai wanda Allah ya ciyar. Jami'an ilimi na larduna su ke tsamo yara masu hazaƙa daga makarantunsu, En'e kuma ta ɗauki nauyin wanda ta tura. Lambar da aka bai wa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya shiga a 1928 ita ce 145. Wannan lamba kaɗai ta isa shaida: cikin shekara bakwai, duk faɗin Arewa da miliyoyin mutanenta, ɗaliban da suka taka wannan mataki ba su kai ɗari da hamsin ba. Zuwa makarantar ma aiki ne. Ahmadu Raba, wanda duniya ta sani daga baya da Sardaunan Sakkwato, ya shiga a 1926, a zamanin da ɗan Sakkwato kan yi kwanaki yana tafiya a ƙasa kafin ya hango ganuwar Katsina.

Ɗalibai suna kwana a gidaje na ginin ƙasa irin na gari, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai. Suturarsu riga ce da hula irin ta iyayensu, salla kuwa tana cikin tsarin yini. Da yamma sai a fita fili. Turawan sun zo da wasannin makarantun Ingila, irin su kurket da ƙwallon ƙafa da fayif, wato ƙaramar ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello ya riƙe wasan fayif har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana buga shi a Katsina da wasu garuruwan Arewa.

Abin da ya fi kowane darasi tasiri shi ne cuɗanya. A ɗaki ɗaya za ka tarar da Babarbare daga Barno, da Banufe daga Bidda, da Bayarabe daga Ilori, da Bafulatani daga Adamawa, da Basakkwace. Kakannin wasunsu sun yi yaƙi da juna a ƙarni na goma sha tara. Shekara biyar suna cin tuwo a akushi ɗaya, suna tsokanar juna da wasan barkwanci, suna gasa a aji da filin wasa. Kafin wannan lokaci kowa ɗan masarautarsa ne. A Katsina aka fara samun wasu samari da suke kallon Arewa a matsayin ƙasa guda, domin suna da aboki a kowane lardi.

Abin da Aka Koyar da Abin da Aka Rage

Manhajar farko ta ƙunshi Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, sai kuma Larabci da addini, waɗanda malamai 'yan ƙasa irin su Malam Bello Kagara suka riƙe. Turanci shi ne uwa uba. Wani malami Bature mai suna Gerald Power ya yi suna wajen tsananta wa ɗalibai a kan lafazi, har ya zama ana gane ɗan Kwalejin Katsina da zarar ya buɗe baki. Muryar da ta sa aka riƙa yi wa Tafawa Ɓalewa kirari da mai muryar zinariya a nan aka goge ta.

Sai dai manhajar ta zo da babban giɓi. A shekarun farko kimiyya ba ta da wani gurbi na a zo a gani, kuma ba a shirya ɗalibai domin jarrabawar da za ta kai su jami'a ba. Takardar da suke fita da ita ta koyarwa ce a makarantun Arewa, ba ta buɗe ƙofar karatun likita ko lauya ko injiniya. A daidai wannan lokaci iyalai a Legas da Abekuta sun daɗe suna tura 'ya'yansu Ingila suna dawowa da waɗannan digirori. Sai wajen shekarar 1930, da aka ɗaga darajar makarantar zuwa babbar kwaleji, aka shigo da kimiyya sosai, aka fara shirya wasu ɗalibai domin zama mataimaka a ma'aikatun lafiya da gona da ayyuka. Ko a nan ma, mataimakin Bature ake nema, ba wanda zai gaje shi ba.

Mararrabar Hanya Bayan Kammalawa

Ɗalibin da ya gama, alli ke jiransa. Kashim Ibrahim ya koma Barno yana koyarwa a 1929. Ahmadu Bello ya kama aiki a Midil ta Sakkwato a 1931, Abubakar Imam a Midil ta Katsina a 1932, Tafawa Ɓalewa a Midil ta Bauci a 1933. Aliyu, wanda ya zama Makaman Bidda, shi ma da aji ya fara. Daga nan ne hanyoyi suka rarrabu, kuma yadda suka rarrabu ya nuna irin ƙofofin da zamanin ya bari a buɗe.

Ƙofa ta farko ita ce sarauta da aikin En'e, ga wanda ya gada. A 1934 aka naɗa Ahmadu Bello hakimin Raba, ya ajiye alli bayan shekara uku, a 1938 kuma ya zama Sardauna. Malamin Midil yana da ilimi, amma hakimi ke da doki da 'yan rakiya da faɗa a ji, don haka duk ɗan sarautar da dama ta samu ba ya jinkiri.

Ƙofa ta biyu ita ce alƙalami. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ne, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki kuwa na malaminsu Bello Kagara. Wannan gasa ita ta sauya wa Imam alƙibla. East ya jawo shi Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, kuma da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939 shi ya zama editanta na Hausa. Abin lura shi ne makarantar da ta fi ƙarfafa Turanci ita ta haifar da waɗanda suka ɗaga rubutun Hausa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, Isa Kaita da Bello Ɗandago, dukansu 'yan kwalejin, sun tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu suna watsa labarai da Hausa a rediyo.

Ƙofa ta uku ita ce bijirewa. Sa'adu Zungur ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Legas a 1934, ya dawo ba tare da ya kammala ba, ya koyar da ma'aikatan tsabta a Zariya, sannan ya juya ga kafa ƙungiyoyin tattaunawa da rubuta waƙoƙin farkar da jama'a. Aminu Kano, wanda ya gama a 1942 bayan kwalejin ta koma Kaduna, ya koyar a Bauci tare da Tafawa Ɓalewa. Ya yi karatu a Landan, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, sannan a 1950 ya ajiye aikinsa a kwalejin horar da malamai ta Maru ya rungumi siyasar NEPU. A shekarar nan ta 1950 Tafawa Ɓalewa, wanda bai gaji sarauta ba kuma ya daɗe a aji, ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e garambawul. Abin da Turawa suka gudu a Legas ya tsiro a gonar da suka shuka da hannunsu.

Bashin da Aka Biya Daga Baya

A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, a 1971 ta sami sunan Barewa. Cikin wannan tafiya ta rikiɗe daga makarantar horar da malamai zuwa sakandare, ƙofofi kuma suka ƙaru. Shehu Shagari ya gama a Kaduna a 1944 ya koma Sakkwato yana koyar da kimiyya. 'Yan zamanin Zariya irin su Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad sun zaɓi aikin soja, sana'ar da ba ta cikin lissafin waɗanda suka buɗe makarantar a 1922.

Duk da haka, giɓin da manhajar farko ta bari bai cike da wuri ba. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka cika sharuɗɗan shiga 'yan ƙalilan ne. Da mulkin kai ya gabato, Arewa tana da gogaggun masu magana a majalisa, amma ofisoshinta da asibitocinta da tashoshin jirginta suna hannun Turawa da 'yan Kudu. Wannan ne ya sa shugabanninta suka ƙi amincewa da ƙudurin neman mulkin kai a 1956 da Anthony Enahoro ya kawo a 1953, lamarin da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayun shekarar. Shi ne kuma tushen manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin jihar, da gaggawar kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tsofaffin ɗaliban Katsina sun fi kowa sanin abin da ba a koya musu ba, shi ya sa da mulki ya zo hannunsu suka yi ta tura yara karatun likita da injiniya. Akwai kuma wani giɓi da ya fi wannan zurfi: babu mace ko ɗaya da ta zauna a ajin kwalejin. Makarantun 'yan mata na gwamnati a Kano da Katsina sai a 1930 suka fara, kuma har yau Arewa ba ta gama biyan wannan bashi ba.

Kammalawa

Ɗalibin yau da ya nemi karatun likita aka ba shi koyarwa, ko ya nemi lauya aka tura shi sashen Hausa, yakan ga kamar an rufe masa gaba. Tarihin Kwalejin Katsina yana da magana biyu, ɗaya gare shi, ɗaya ga masu tsara masa karatu. Gare shi, Imam da Ɓalewa da Aminu Kano duk takardar koyarwa aka ba su. Abin da ya kai su inda suka kai shi ne sun ƙware a ɗan abin da aka koya musu, musamman harshe, sun kuma riƙe abokan da suka kwana ɗaki ɗaya da su. Ga masu tsara manhaja kuwa, darasin da aka cire daga jadawali a shekarun 1920 shi ne likitan da aka rasa a asibiti a shekarun 1950. Ginin ƙasar nan yana nan a Katsina, an mayar da shi gidan tarihi. Wanda ya shiga ya ga ƙanƙantar azuzuwansa zai yi mamakin yawan mutanen da suka fito daga ciki, ya kuma tambayi kansa nawa aka bari a waje.