Shaidar da Ke Cikin Littafin Kansa



Sau da yawa 'ya'yanmu sukan dawo daga makaranta ko kasuwa da damuwa a zuciya, don wani ya ce musu labarin Yesu ƙagaggen labari ne da mutane suka shirya daga baya. Kada mu tsauta musu, kada kuma mu yi fushi da mai tambayar. Bari mu yi yadda alƙali mai hikima yake yi: mu zaunar da shaidu, mu saurari maganarsu, mu ga ko ta yi kama da maganar waɗanda suka gani da ido.

Da farko, mu duba abin da marubutan suka faɗa a kan kansu. Mun san maroƙi ba ya ambaton ranar da sarkinsa ya gudu daga fagen yaƙi. Amma Bitrus, wanda ya zama babba cikin ikilisiyar Urushalima, dukan Bishara huɗu sun rubuta yadda ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku, har a gaban wata baranya. Fafiyas, wani shugaban ikilisiya na farkon ƙarni na 2, ya ce daga wa'azin Bitrus ne Markus ya rubuta Bishararsa. Duk da haka a Markus 8:33 mun ga Yesu ya tsauta wa Bitrus da kalma mafi zafi. Wane mai ƙaga labari ne zai tona asirin shugabansa haka?

Haka kuma batun kabari. Masanin tarihin Yahudawa, Yusufus, wanda ya rayu a ƙarni na 1, ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mata a shari'a. Amma Matiyu, Markus, Luka da Yahaya duk sun ce mata ne, Maryamu Magadaliya a gaba, suka fara iske kabarin ba kowa. Mai son a gaskata ƙaryarsa da ya sa dattawa maza a wurin. Su kuwa sun rubuta yadda abin ya faru, ko da zai jawo musu ba'a.

Na biyu, mu lura da sunaye. A Markus 15:21 an ambaci Saminu Bakurane, mutumin ƙasar da muke kira Libiya a yau, wanda aka tilasta masa ya ɗauki gicciyen. Markus bai tsaya nan ba, ya ƙara da sunayen 'ya'yansa, Iskandari da Rufas. Me ya kawo su, tun da ba abin da suka yi a labarin? Ga alama masu karatu na farko sun san su, suna iya zuwa su tambaye su. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 55, ya ce fiye da 'yan'uwa 500 sun ga Ubangiji bayan tashinsa, yawancinsu kuwa suna da rai a lokacin. Wannan shekara 25 ke nan kawai bayan gicciyewar. Maƙaryaci ba ya nuna maka gidan wanda zai ƙaryata shi.

Na uku, kuma a nan muke so mu dakata kaɗan. Ku buɗe labarin ciyar da mutum 5,000. A Yahaya 6:5 Yesu ya juya ga Filibus ya tambaye shi inda za a sayo gurasa. Don me Filibus, ba Bitrus ko Yahuza mai riƙe da jakar kuɗi ba? Yahaya bai faɗi sunan wurin ba. Luka ne, a sura 9 aya 10, ya ce kusa da Betsaida abin ya faru, shi kuwa bai ambaci Filibus ba. Sai mu koma Yahaya 1:44, mu tarar Filibus mutumin Betsaida ne. Ashe ɗan gari aka tambaya inda ake sayar da abinci! Har wa yau Markus ya ce a kan ɗanyar ciyawa jama'a suka zauna, Yahaya kuwa ya ce Idin Ƙetarewa ya yi kusa, wato daidai lokacin da ciyawa take kore a ƙasar bayan ruwan sama. Ba wanda ya shirya wannan. Kowa ya faɗi abin da ya riƙe, sai maganar ta haɗu kamar ƙwarya da murfinta.

'Yan'uwa, waɗannan hujjoji ba su ne suke ba da ceto ba, aikin Ruhu Mai Tsarki ne ya buɗe zuciya. Amma suna nuna mana bangaskiyarmu ba a kan tatsuniya take tsaye ba. In an tambaye mu, mu amsa da tawali'u da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15 ta koya mana. In kuwa akwai wanda tsoro ya sa ya ɓoye sunan Yesu a wannan mako, ya tuna littafin da ya rubuta faɗuwar Bitrus shi ne ya rubuta yadda Ubangiji ya komo da shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin Maganarka mai gaskiya. Ka ƙarfafa masu shakka, ka ta da waɗanda suka fāɗi. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.