Tsohuwar tsabar zinariya: abin da ke sa kuɗinta ya wuce nauyinta

Zinariyar da ake haƙowa a Jado ko Cibarakaten sikeli ne ke yanke mata farashi. Tsohuwar tsabar kuɗi ta zinariya kuwa farashi biyu gare ta: na nauyin ƙarfen, da na ƙarancinta a duniya. Mafi yawan tsabobin da ake gada a gida na farkon kaɗai suke da shi. Kaɗan ne ke da na biyun, amma wanda ya narkar da irinsu don a ƙera masa zobe ya yi asarar da ba ta da gyara.

Farashin nauyi

Tsabar da aka fi sani a ƙasashen renon Faransa ita ce ta faran 20, wadda ake kira Napoleyon. An fara buga ta a 1803. Nauyinta giram 6,45, faɗinta milimita 21, kuma kashi 900 cikin 1000 na jikinta zinariya ne, wato giram 5,8 na tsantsa. A ninka wannan da kuɗin giram na ranar, an sami gindin farashinta. An buga miliyoyinta, shi ya sa galibi abin da ake ɗorawa a kai ba shi da yawa.

Shekarar da ke jiki ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Napoleyon mai hoton zakara an buga ta daga 1899 zuwa 1914, amma tsakanin 1951 da 1960 Faransa ta sake buga miliyoyi da tsofaffin shekarun 1907 zuwa 1914. Haka abin yake ga tsabar azurfa ta Mariya Tereza da ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa: har yau 1780 ake rubuta mata komai sabuntarta.

Farashin ƙaranci

Abu na farko da masu tarawa ke dubawa shi ne guda nawa aka buga a wace shekara kuma a wane gari. Ƙaramin harafi ne ke nuna gidan buga kuɗin: a Faransa A na nufin Paris, W Lille, K Bordeaux, BB Strasbourg. Tsaba biyu masu hoto ɗaya da shekara ɗaya na iya bambanta nesa ba kusa ba saboda wannan harafi. Littattafan Gadoury da Le Franc suna jera adadin kowace shekara da kowane gari.

Misali mafi bayyana daga Amurka yake. A 1854, shekarar da aka buɗe gidan buga kuɗi na San Faransisko bayan gano zinariya a Kalifoniya, an buga tsabar dalar Amurka 5 guda 268 kacal masu harafin S. Huɗu ne aka san sun tsira. Ɗaya tana gidan tarihi na Smithsonian a Washington, an sace ɗaya a Florida a 1967. A 2018 wani mutum ya fito da wata, dillalai da dama suka ce masa jabu ce. Ya aika da ita kamfanin tantancewa na NGC, aka tabbatar ta gaske ce, sa'annan a watan Agusta na shekarar aka yi gwanjonta dalar Amurka miliyan 2,16, fiye da miliyar guda na kuɗin sefa. Zinariyar da ke jikinta ba ta kai giram 8 ba.

Abu na biyu shi ne guda nawa suka rage. Tsabar dalar Amurka 20 ta 1933 an buga 445.500, amma gwamnati ta hana fitar da su, aka narkar da kusan duka. Guda ɗaya da doka ta yarda wani ya mallaka, wadda ake dangantawa da taskar Sarki Faruk na Masar, an sayar da ita dala miliyan 18,9 a watan Yuni na 2021.

Abu na uku shi ne lafiyar jikinta. Faransawa suna hawa daga B zuwa TB, TTB, SUP, SPL har FDC, wato wadda take kamar yau aka bugo ta. Amurkawa suna amfani da ma'aunin 1 zuwa 70, kuma kamfanonin PCGS da NGC suna rufe tsabar cikin roba mai lamba bayan sun ba ta maki. Ta 2018 ɗin nan maki 45 ta samu.

Gane jabu

Ana farawa da sikeli mai nuna ƙananan rabe-raben giram, da ma'aunin faɗi da kauri. Zinariya ba ta bin mayen ƙarfe, amma wannan bai isa shaida ba, don tagulla ma ba ta binsa. Jabun da ya fi wuyar kamawa shi ne wanda aka yi da zinariya ta gaske, ko tsaba ta gaske da aka manna wa harafi. Ta Filadalfiya ta 1854 tana da yawa kuma ba ta da harafi. A liƙa mata S, sai ta yi kama da mai tsadar.  Gilashin ƙara girma a hannun masani ne ke gano wurin liƙin.

Abin da mai ita zai kiyaye

Kada a goge ta da toka, lemun tsami ko man goge ƙarfe, don ƙananan zane-zanen da gogewa ke bari suna kayar da makinta. Kada a huda ta ko a liƙa mata maratayi don sarƙa: daga nan ta koma farashin nauyi. Kada a bari maƙeri ya kankare gefenta a dutsen gwaji ko ya ɗiga mata ruwan gwaji. A riƙe ta ta gefe, a ajiye ta ita kaɗai, a ɗauki hoton fuskokinta biyu, a adana duk takardar da ke nuna inda ta fito.

Kafin a yi ciniki, a rubuta shekara da harafin, a duba adadinsu a littafi. In adadin miliyoyi ne, sikeli ya wadatar. In ɗaruruwa ne ko ƴan dubbai, a nemi tantancewa a ji ta bakin masu saye fiye da ɗaya, ko da na farko ya ce jabu ce.