Ƙumar Kaji da Maganin Aro

Saboda saniya aka kafa aikin likitancin dabbobi na zamani a Arewacin Nijeriya. A Zariya Turawan mulkin mallaka suka fara, sannan a 1924 suka kafa ɗakin bincike a Vom, can Filato, don haɗa maganin bushiya, cutar da ta share garkunan Fulani a ƙarshen ƙarni na 19. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A kan saniya ake karɓar jangali, kirginta kuma jirgin ƙasa ke kai shi Legas. Kaza kuwa dukiyar mace ce da yaro, a sayar ranar kasuwa a sayi sabulu, ko a yanka wa baƙo. Gwamnati ba ta da kaso a cikinta. Mu da muka shigo aikin daga baya mun tarar da shi cike da ilimin kaska da sammore da ciwon huhun shanu, amma abin da ke cin kaza a akurki ɗan gajeren babi ne da ake bi ta kansa a gurguje.

Ilimin yana nan, sai dai a hannun mata yake. Idan kaza ta gama kwanci ta fito da 'yan tsaki, tsohuwa ba ta barin ciyawar sheƙar ta kwana, kwashewa take ta ƙone. Akurkin laka a cusa masa busasshiyar ciyawa a sa wuta, ya yi zafi, ya sha hayaki, idan ya huce a sake yaɓe shi a toshe duk wata tsaga. A zuba tokar murhu a kusurwar gida inda kaji ke birgima. A shimfiɗa ganyen taba ƙarƙashin ƙwai, daga baya kuma ganyen darbejiya, bayan da bishiyar ta shigo ta Barno a 1928 ta bazu a garuruwanmu. Ƙafar da ta yi kirci a shafe ta da man kaɗanya ko manja. Ganyen taba ba camfi ba ne: manoman Amurka sun daɗe suna shafa ruwan nikotin a sandunan da kajinsu ke kwana a kai, ɗumin jikin kaza ya tayar da tururinsa ya shiga gashi.

Sai mutum ya san rayuwar ƙwarin nan sannan yake gane hikimar matan. Ƙwarƙwatar kaji a jikin kaza take haihuwa, a nan take mutuwa. Gwaguyar gashi da ɓawon fata take yi, tana liƙa ƙwanta dunƙule a gindin gashi, musamman kewayen dubura. Ƙwan yana fashewa cikin kwana 4 zuwa 7, cikin kamar mako uku abin da ya fito ya soma nasa ƙwan. Idan ta faɗo daga jikin kaza ba ta wuce 'yan kwanaki. Irin wannan birgimar toka na rage ta sosai, don ƙura na busar da jikinta.

Jar ƙuma daban ce, halin kuɗin cizo gare ta. Da rana tana cikin tsagar bango da mahaɗar katako, sai dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Idan akwai zafi, mako guda ya ishe ta daga ƙwai zuwa girma, kuma tana iya yin watanni a akurkin da ba kaza ba tare da ta mutu ba. Ka kama kaza da tsakar rana ka bincike ta tsaf ba za ka ga komai ba, alhali zankonta ya yi fari, ƙwai ya ragu, ta ƙi shiga akurki da magariba. Tana da 'yar uwa da ta fi yawa a ƙasashe masu zafi, wadda ke zama a jikin kaza da cikin sheƙa. Ita ce ke sa kaza ta tashi daga kan ƙwai ana saura kwana kaɗan ƙyanƙyasa, ita ce kuma ke bin hannun wadda ta zo ɗaukar ƙwan har wuya. Ga ƙumar da ke kafewa a fuska, baƙaƙen ɗigo kewaye da ido, wadda 'ya'yanta ke girma cikin ƙasar akurki. Ga kaskar kaji mai taushin jiki, tana ɓuya a bangon laka da ɓawon bishiya, tana iya shekara ba ta ci ba, cizonta kuma na kawo zazzaɓi da koren zawo. Galibinsu a gida suke, ba a jikin kaza ba. Wuta da yaɓe da shara a kan gidan suke faɗawa, shi ya sa suke aiki.

Daga nan kwalba ta iso. Paul Müller ya gano a 1939 cewa DDT na kashe ƙwari, aka ba shi kyautar Nobel a 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka shiga yi wa sauro da ƙwarin gona feshi da shi. Gammalin 20 ya shigo don ƙwarin koko a Kudu maso Yamma da Gana, ya haura Arewa, har wasu suka riƙa zuba shi a rafi don kama kifi. Aka kawo maganin wankan shanu, aka kawo maganin feshin auduga. Duk wanda ya zo, sai an ɗiba an gwada wa kaza. A cikinsu babu wanda aka auna da tsuntsuwar da da ƙyar take wuce kilo guda, wadda yara ke shan ƙwanta. Kullum maganin aro take samu, daga gona, daga garke, daga ɗakin kwana.

Aron ya yi aiki da farko, kuma nan ɓarnar take. Ƙwarƙwata ta zube nan take, mai kaji ta gani da idonta. Wa zai koma ƙona ciyawa da kwaɓa laka? Hankali ya tashi daga akurki ya koma jikin kaza. Bayan mako biyu ƙwan da magani bai taɓa ba ya fashe, na cikin tsaga suka fito, sai a ce maganin ne bai yi ƙarfi ba, a ƙara. Mu ma ma'aikata mun bi sahu. Rubuta sunan kwalba ya fi sauƙi a kan ka nemi izinin maigida ka shiga, ka durƙusa ka leƙa akurki da tocila.

Mafi muni a cikin abin da na gani shi ne zamanin fiya-fiya, ruwan nan da ake ƙullawa a ƙananan kwalabe ba takarda ba gargaɗi, wanda sinadarinsa ɗaya da na maganin ƙwarin nan Sniper. Guba ce mai kama jijiya, tana ratsa fata. Akan kawo kaza tana dalalar miyau, tana karkarwa, numfashi da ƙyar.

"Malam, ɗigo biyu kawai na sa mata a ƙarƙashin fiffike."

"Inna, 'yan tsakin fa?"

"Ai a ƙarƙashinta suka kwana."

Ba sai an ƙara tambaya ba. Matar nan ba sakaci ta yi ba, dukiyarta take ƙoƙarin ceta da abin da kasuwa ta miƙo mata. Kananzir da baƙin mai su ma haka, suna ƙona fata, ɗan tsako ba ya ɗaukarsu. An tsara yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai masu guba a 2001, aka taƙaita DDT, a 2009 aka sa sinadarin Gammalin cikin waɗanda za a daina. Hukumar abinci da magunguna, NAFDAC, ta ɗauki mataki a 2019 kan sayar da ƙananan kwalaben Sniper da danginsa barkatai a kasuwa. Duk don kare mutum aka yi, kuma daidai ne, amma ba a ba mai kaji wani abu a madadinsu ba.

Abin da ya fi dama-dama shi ne dangin permethrin da cypermethrin, hoda ko na feshi, masu sauƙin guba ga tsuntsu idan an bi awo, aka kuma maimaita bayan mako guda ko kwana goma, aka haɗa da bango da sheƙa. Su ma a ƙasashe da dama jar ƙuma ta soma jure musu. Ivermectin, wanda ya fito kasuwar dabbobi a 1981 ya kuma jawo wa Satoshi Omura da William Campbell kyautar Nobel a 2015, yana taimakawa a kan kircin ƙafa, amma shi ma na shanu da tumaki ne, yana kuma saura a gwaiduwar ƙwai. Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga shaguna a Turai, bayan an gano an yi wa gidajen kaji a Holan da Beljiyam feshi da fipronil, wanda doka ta hana a kan dabbar da ake ci, duk don jar ƙuma. A shekarar ce Tarayyar Turai ta amince da fluralaner, wanda ake sawa a ruwan sha sau biyu, mako guda tsakani, ba tare da an zubar da ƙwai ba. Wannan kam da kaza aka auna shi, sai dai kazar gidan gona mai dubbai, kwalbarsa da farashinsa ba na mai kaji goma ba ne.

Murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a Jihar Kaduna a Fabrairun 2006 ita ta tilasta wa hukuma leƙa akurkin cikin gida, aka shiga ƙauyuka ana wayar da kai kan tsabta. Ɗaliban jami'o'inmu, na Zariya da Maiduguri da Sakkwato, sun sha duba kajin kasuwa suna lissafa irin ƙwarin da ke jikinsu. Lissafin ya isa. Abin da nake so in ga Vom da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika sun fitar shi ne ƙaramin ƙunshi na kaji goma, a farashin da bai kai na kaza ɗaya ba, da bayani da Hausa, boko da ajami: yawan da za a sa, ranar maimaitawa, kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko a yanka, da umarnin a fara ƙone ciyawar sheƙa a yaɓe akurki kafin a buɗe ƙunshin.