Kurungu: kifin da ke kuka ba da maƙogwaro ba

Masunta a Wudil da ke jihar Kano sun daɗe da sanin cewa kurungu ba ya fitowa daga ruwa shiru. Da zarar an ciro shi daga koma sai ya miƙe ƙayoyinsa, ya riƙa wata ƙara mai kama da ta ƙyauren da ya yi tsatsa.

Garin na Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, yana bakin kogin da ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, wanda ke gangarawa zuwa Haɗejiya. Kurungu na cikin kifayen da ake kamawa a wannan kogi, tare da tarwaɗa da karfasa.

Masana kimiyya na kiran danginsa Synodontis, kuma sun ƙidaya fiye da nau'i 130, dukkansu a koguna da tafkunan Afirka.

Yadda yake yin kukan

Kurungu ba shi da maƙogwaron yin murya irin na mutum ko tsuntsu. Da ƙaya yake kuka.

Yana da manyan ƙayoyi uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe kusa da kai. A gindin kowace ƙayar gefe akwai wasu ƙananan tsage-tsage kamar haƙoran zarto. Idan kifin ya buɗe ƙayar ko ya mayar da ita, haƙoran kan gogi wani kwarmi a ƙashin kafaɗarsa, daga nan ƙarar take fita.

Eric Parmentier na jami'ar Liège a ƙasar Beljiyam da abokan aikinsa sun bayyana wannan tsari dalla-dalla a wani bincike da suka buga a 2010.

Kifin ya fi yin wannan kuka a lokacin da aka damƙe shi, abin da ya sa wasu masana ke ganin gargaɗi ne ga mai neman haɗiye shi. Duk wanda ƙayar ta taɓa soka a hannu ba zai raina gargaɗin ba.

Daga sauti zuwa lantarki

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko ban mamaki. A cikin jikin kurungu akwai jakar iska da ke taimaka masa wajen tsayawa a tsakiyar ruwa. Wata tsoka ce ke jan wani siririn ƙashi da ke manne da jakar, sai jakar ta yi amo kamar ganga.

A 2014 masu binciken na Liège suka gano cewa ba kowane nau'in kurungu ne ke amfani da tsokar ta wannan hanya ba. Wasu sauti suke fitarwa da ita, wasu kuwa lantarki take ba su, wasu kuma duka biyun. Sai dai lantarkin ba ya kama da na minjirya mai girgiza mutum. Ba shi da ƙarfi ko kaɗan, sai da na'ura ake gane shi.

Ɗan uwansa na teku

Yawancin abin da aka sani game da ƙwaƙwalwar kifi mai murya ya fito ne daga wani kifin teku da Turawa ke kira midshipman, wanda ke zaune a gaɓar yammacin Amurka. Namijinsa kan yi sheƙa a ƙarƙashin dutse, ya yi ta gunji da dare don kiran mace, wani lokaci fiye da sa'a guda bai tsaya ba. Tsokarsa na motsi kimanin sau 100 a daƙiƙa ɗaya.

A shekarun 1980 gunjin ya hana masu kwana a gidajen kan ruwa barci a garin Sausalito na jihar Kalifoniya, har wasu suka zaci wani inji ne.

Farfesa Andrew Bass na jami'ar Cornell ya shafe shekaru da dama yana nazarin kifin. A 2008 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa muryarsa yana wuri ɗaya da na kwaɗi da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa.

Amfanin binciken

Sauti na tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ninki huɗu da ɗoriya na saurinsa a iska. A kogin da ke yin ja da laka da damina, irin na Wudil, kunne ya fi ido amfani ga kifi.

Shi ya sa masana ke jefa na'urar ɗaukar sauti cikin ruwa don sanin irin kifin da ke wuri da lokacin da yake hayayyafa, ba tare da an shimfiɗa taru ba.

Sun kuma soma damuwa da hayaniyar injuna. Wani bincike da aka buga a 2007 kan wani kifi mai murya a bakin kogin Tagus na ƙasar Fotugal ya nuna cewa ƙarar jiragen fito na rage masa jin kiran 'yan uwansa.