Yadda Muryoyi Huɗu Suka Koyi Harshenmu

A shekara ta 1828 Turawan mishan na Basel suka sauka a Osu, bakin teku, a birnin Ankara ta ƙasar Ghana. Su da waɗanda suka biyo bayansu sun zo da waƙoƙin Jamus da na Ingila, shiryayyu domin muryoyi huɗu: mata masu siririyar murya su riƙe karin waƙa, watau sofrano, waɗansu matan su bi ƙarƙashinsu da alto, maza kuwa su rabu biyu, tena da bas. Aka juya kalmomin zuwa harsunan Ga da Twi, amma kari ya zauna yadda yake a Turai.

Nan matsala ta fito. Harsunan nan, kamar Hausa, da hawa da saukar murya suke rarrabe ma'ana. Mai karatu ya gwada da bakinsa: kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam, ga kuma wuya na jiki da wuya ta wahala. Idan kari ya hau inda kalma take sauka, jama'a za su ji daɗin sauti, amma maganar ta ɓace.

Wanda ya fi kowa fama da wannan shi ne Malam Ephraim Amu, haifaffen Peki a 1899. Sa'ad da yake koyarwa a kwalejin malamai ta Akropong, ya bi makaɗan gargajiya yana koyo wurinsu. A 1932 aka buga waƙoƙinsa 25 a London. Shugabannin ikilisiya ba su ji daɗin gangunansa ba, balle hawa mumbari da ya yi sanye da zanen gargajiya, har suka rabu. A 1934 ya koma makarantar Achimota. A Akropong almajiransa maza ne zalla, amma a nan ya sami samari da 'yan mata, muryoyin huɗu suka cika.

Dabararsa ke nan. Da fari a faɗi kalmomin da baki, a ji inda suke hawa da sauka, sa'an nan a ɗora kari bisansu. Sauran muryoyi kuma dole su hau tare, su sauka tare, gama bas ma magana yake yi. Domin kada waƙar ta gundure kunne, ya tafi London a 1937 ya koyi yadda murya ɗaya za ta fara, wata ta shigo daga baya, kowace tana bin kalmominta daidai. Ya rasu a 1995.

Hausa ita ce harshen zangunan Ankara, irin su Nima da Maamobi, ana kuma jinta a Adabraka. Duk mai shirya wa ƙungiyar mawaƙa tsohuwar waƙa da Hausa, bari ya bi sawun Amu. Ya sa dattijuwa ta zauna a bencin baya, a rera mata ba tare da littafi ba. In ta iya maimaita kalmomin, aiki ya yi. In ba ta iya ba, a sāke shiri.