Yadda Amurka Ta Kafa Rumbun Bayanan Ilimi na ERIC

Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin mahukuntan Amurka ya tashi kan halin da makarantunsu ke ciki, gwamnati ta shiga zuba kuɗi wajen binciken harkar koyarwa. Rahotanni suka yi ta fitowa, amma akasarinsu ba a buga su a littafi ko mujalla ba. Mai bincike kan miƙa 'yan kofe ga Ofishin Ilimi da ke Washington, shi ke nan sai ƙura ta rufe su. Malamin da ke wata jiha ba shi da hanyar sanin an riga an yi aikin da yake nema.

Domin magance wannan aka buɗe ERIC a 1964, ɗan ƙaramin sashe a cikin ofishin. Da dokar ilimin firamare da sakandare ta 1965 ta kawo ƙarin kuɗi, sai batun tsari ya taso: a tara komai a Washington, ko a rarraba aikin? A Amurka makarantu a hannun jihohi da gundumomi suke, jama'a kuma suna ɗari-ɗari da katsalandan ɗin gwamnatin tarayya. Saboda haka Lee Burchinal, wani jami'in Ofishin Ilimi, da abokan aikinsa suka zaɓi rarrabawa.

A 1966 aka kafa cibiyoyi 12 na farko a jami'o'i da ƙungiyoyin masana, kowace da fanninta, kamar koyon karatu, kimiyya da makarantun karkara. Masana fannin su ne ke tattaro takardu, su tace, su rubuta taƙaitaccen bayani, su liƙa musu kalmomin nema daga ƙamus guda da duk cibiyoyin ke bi. Daga nan a haɗe komai a wuri ɗaya. A watan Nuwamba na shekarar aka fara fitar da jerin rahotanni na wata-wata, ana kuma ɗaukar hoton takardun a kan ƙananan faifan fim ana sayar wa ɗakunan karatu da araha. A 1969 aka ƙara da jerin maƙalun mujallu.

Wannan tsari ya yi kusan shekara arba'in. A ƙarshen 2003 gwamnati ta rufe cibiyoyi 16 da ke aiki a lokacin, ta damƙa aikin ga ɗan kwangila guda, aka mayar da hankali ga intanet. Masu kula da ɗakunan karatu da yawa sun koka, domin tare da cibiyoyin aka rasa masanan da ke amsa tambayoyin malamai. Rumbun dai yana nan, da bayanai fiye da miliyan ɗaya, kuma kowa na iya bincika shi kyauta.